Filin Tambayoyinku: Ayoyin da Ake Karanta wa Mata Rabi-rabi

Salama gare ku, 'yan'uwa mata. Cikin wasiƙun da suka iso wannan wata na zaɓi huɗu. Kamar kullum, na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mai wasiƙa, na kuma taƙaita inda ta yi tsawo.

Tambaya: Mama, gaisuwa cikin sunan Yesu. Yarana uku, ƙaramar tana shan nono. Kafin aure nakan yi awa guda kowace safiya ina karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a. Yanzu daga buɗe ido sai shirya 'yan makaranta, sai girki, sai wanki, sai wanke-wanke. Da dare in na durƙusa, barci ke kwashe ni kafin in kai Amin. Ran Lahadi an yi mana wa'azi a kan macen kirki ta Karin Magana 31, mai tashi tun da sauran dare, wadda fitilarta ba ta mutuwa. Na dawo gida na shiga ɗaki na yi ta kuka. Mama, na ja da baya ne?
*Maman yara uku*

Amsa: 'Yata, ba ki ja da baya ba. Gajiya ce ta yi miki yawa, kuma mai goyo da ba ta samun barcin kirki dole ta gaji. Wadda ta ja da baya ba ta kuka don ta rasa lokacin addu'a.

Ɗauko Littafinki mu duba macen nan tare, domin an daɗe ana sa mata kuka da ita. Daga aya 10 zuwa 31 waƙa ce mai ayoyi 22, kowace aya ta fara da harafi ɗaya na baƙaƙen Ibrananci, bi da bi daga na farko har na ƙarshe. Mawaƙin ya tattara yabon rayuwar mace ce ɗungum, tun daga ƙuruciya har lokacin da 'ya'yanta suka girma suka miƙe suna sa mata albarka. Ba a yini ɗaya ta sayi gona, ta dasa inabi, ta saƙa tufafi ta sayar wa fatake ba. Aya 15 kuma, wadda ta ce takan tashi tun da sauran dare, ki ƙarasa ta: bayan ta tanadar wa iyalinta abinci, takan ba 'yan matan da ke mata aiki nasu rabo. Tana da masu taya ta. Ke hannu biyu gare ki, ɗayan ma yana riƙe da jaririya. Sannan a duk waƙar nan umarni yana wuri ɗaya ne tak, a ayar ƙarshe, kuma ba ita aka umarta ba. Mutane aka ce su ba ta ladan aikin hannunta, a yabe ta a ƙofar gari. Har yau a gidajen Yahudawa da yawa maigida ne ke rera wa matarsa wannan waƙa ran Jumma'a da dare, kafin a zauna cin abincin Asabar. Da ina da iko, a taron maza za a fi yin wa'azin wannan babi.

Littafin da ya yabi mai tashi da asuba, shi ne kuma ya ce a Zabura 127:2 banza ne mutum ya yi ta sammako yana kwana a makare cikin wahala, gama Ubangiji yakan ba ƙaunatattunsa barci. Ishaya 40:11 ya ce Makiyayin nan yakan bi da masu shayarwa a hankali. Ke ake nufi. Lokacin da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, mala'ikan da aka aiko masa bai fara da faɗa ba. Ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Magana sai daga baya ta zo.

Na san wata za ta ce, to Marta fa, ai Yesu ya tsawata mata. Ki duba Luka 10:38-42 da kyau. Bai ce mata girki laifi ne ba, ai shi da almajiransa za su ci. Damuwa da tashin hankalin da suka cika mata zuciya ya taɓa, har ta kai ga tambayarsa ko bai kula ba. Martan nan ce kuma, a Yahaya 11, ta fita ta tarye shi a hanya bayan mutuwar ɗan'uwanta, ta shaida da bakinta cewa shi ne Almasihu, Ɗan Allah. Mace mai yawan aiki ce ta furta wannan.

To yanzu me za ki yi gobe da safe? Ki bar neman awa gudan nan tukuna, za ta dawo in yara sun tasa. Ki rubuta aya ɗaya da manyan baƙaƙe a takarda, ki manna ta a bango daidai inda idonki ke sauka in kina wanke-wanke. Aya ɗaya ta ishe ki mako. Kumfar sabulu za ta fantsama mata, tawadar ta bazu, gefen takardar ya nannaɗe, amma kafin ta faɗo kin haddace ta. In kina ninke wanki, kowace rigar da kika ɗaga ki ambaci mai ita a gaban Allah. Wannan ta babban ce, mai fargabar jarrabawar lissafi. Wannan mai koɗaɗɗen wuya ta baban yara ce, da ke fita tun gari bai waye ba. Ƙananan nan na jaririya ne. Kafin kwandon ya ƙare kin yi wa kowa na gidan addu'a da sunansa. In kuma ta tashe ki tsakar dare shan nono, ki kunna karatun Zabura a waya da ƙaramar murya. Ko kin yi gyangyaɗi a tsakiya, babu laifi.

Akwai wani bawan Allah a Faransa, ana kiransa Ɗan'uwa Lawrence, ya rasu a 1691. Shekaru da yawa aikinsa a gidan masu ibada na birnin Faris shi ne ɗakin girki, aikin da tun farko ransa bai so ba. Abin da ake tunawa da shi har yau shi ne ya koyi yin magana da Allah a tsakiyar ƙarar tukwane da kiraye-kirayen masu neman abu, har lokacin aiki da lokacin addu'a suka zama ɗaya a wurinsa.

Amma kada in bar ki da wannan kaɗai, domin kina bukatar ɗan lokaci na shiru, kuma akwai mai iya ba ki shi a cikin gidan. Maza da yawa ba mugunta ke sa su zauna suna kallo ba, ba su san abin da ake so su yi ba ne. "Ka riƙa taimaka mini" magana ce mai faɗi, ba ta da wurin kamawa. Ki ce masa, "Baban yara, bayan cin abincin dare ina roƙon minti ashirin. Ka riƙe mini su, in shiga ɗaki in rufe ƙofa in yi addu'a." Ki faɗa lokacin da ya ci ya huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaran nan nasa ne kamar yadda suke naki.

Tambaya: Mama, a ƙungiyar mawaƙa muka haɗu da maigidana. Tun da aka samu saɓani tsakaninsa da wasu dattawan ikilisiya ya daina zuwa sujada, yanzu ko addu'ar iyali ba ya yi. Na yi magana har na gaji. Nakan ƙure muryar wa'azi a rediyo don ya ji, na kuma kawo masa fasto gida ba da saninsa ba, abin ya ƙara ɓaci. Na fara tara yara muna addu'a da dare, sai wata ta ce mini ina ƙwace shugabancin miji. In daina ne?
*Matar da ke jira*

Amsa: Kada ki daina addu'a da yaranki, 'yata. Rediyon za ki rage wa murya.

Mu fara da maganar ƙwace shugabanci. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ce a koya wa 'ya'ya maganar Allah a zaune cikin gida, a tafe kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Karin Magana 1:8 ta ce wa ɗa ya ji koyarwar mahaifinsa, kada kuma ya yar da ta mahaifiyarsa. Timoti, wanda Bulus ya damƙa wa ikilisiyar Afisa, mahaifinsa Bahelene ne, kuma da Bulus ya zo faɗin inda bangaskiyar yaron ta samo tushe, kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya ambata (2 Timoti 1:5). Da matan nan biyu sun naɗe hannu suna jiran namiji ya fara, wa zai koya masa Nassi tun yana ɗan ƙarami?

A Ingila an yi wata matar fasto, Suzana Wesley, wadda ta rayu daga 1669 zuwa 1742. Ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu suka rasu tun suna jarirai. Ta ware wa kowane yaro lokacinsa a mako da za ta zauna da shi su biyu su yi zancen ransa, ran Alhamis na ɗanta John ne. Wani lokaci da mijinta ya yi doguwar tafiya Landan, ta riƙa tara yaranta da masu aikin gidan ran Lahadi da yamma tana karanta musu, har maƙwabta suka ji suka riƙa cika gidan. John da ƙanensa Charles su ne suka kafa tafiyar Metodis daga baya. Ke yara kawai kike tarawa a ɗakinki, babu abin da kika ƙwace wa kowa.

Sai dai ki bar masa wurinsa a buɗe. Ki sa lokacin addu'ar sa'ad da yake gida. Ki ce, "Za mu yi addu'a, Baba," sau ɗaya, da sakin fuska, in bai taso ba ku ci gaba. Kada ki mai da addu'ar wa'azi, irin wadda ake ɗaga murya ana roƙon Allah ya karya taurin zuciyar wasu, alhali mai taurin zuciyar yana ɗaki na kusa yana ji. Yara ma suna ganewa, kuma ba kya so su tashi suna ganin mahaifinsu a matsayin wanda ake yi wa addu'ar tuba kullum. Su gode wa Allah dominsa, su roƙa masa lafiya da buɗi a wurin aiki.

1 Bitrus 3:1-2 an rubuta ta ne domin mata irinki. Ta ce ana iya rinjayar miji ba da magana ba, ta wurin halin matarsa da yake gani. Kin riga kin faɗa, ya kuma ji. Maimaitawa ta goma ba za ta ƙara masa sani ba.

Akwai abu ɗaya da ban gani a wasiƙarki ba. Kin taɓa zama kin tambaye shi abin da ya faru tsakaninsa da dattawan nan, kika saurara har ƙarshe ba tare da kin kare su ba? Mutumin da ya yi shekaru yana waƙa a gaban jama'a ba ya barin majami'a haka kawai. Rauni ne a ransa, wataƙila har da kunya. Zuwan fasto ba zato ya sa ya ji kamar an kai ƙararsa. Ki nemi gafararsa a kan wannan ɗaya, ki ce masa ba za ki sake kawo kowa ba sai ya yarda. In akwai wani aboki mai bi da yake ganin girmansa, wanda ba ya cikin rigimar, shi ya fi dacewa ya riƙa leƙo shi, ba da wa'azi ba, da zumunci.

Ba zan yi miki alkawarin rana ba. Monika, wata mai bi daga garin Tagaste a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ta zauna shekaru da miji marar bi, sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Ɗanta Agustin kuwa, wanda aka haifa a 354 ya kuma zama babban malamin ikilisiya daga baya, sai a 387 aka yi masa baftisma a birnin Milan, a shekarar ce kuma ta rasu. Bulus da kansa ya tambaya a 1 Korintiyawa 7:16, ke mace, ina kika sani ko za ki ceci mijinki? Juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Ki sauke wannan kaya daga kanki, ki ci gaba da zuwa sujada da yaranki.

Tambaya: Mama, ni ma'aikaciyar jinya ce. A zumuntar mata wata ta karanta Titus 2:5 ta ce wurin mace mai bi gida ne, mai fita aiki ta fifita kuɗi a kan iyali. Maigidana bai hana ni ba, albashina ma ke biyan kuɗin makarantar yara. Ina cikin zunubi?
*'Yarki a asibiti*

Amsa: Ba kya cikin zunubi. Titus 2:3-5 ta ce tsofaffin mata su koya wa ƙanana ƙaunar maza da 'ya'ya da kula da gida, kuma biyan kuɗin makaranta kula da gida ne. Lidiya, mutum ta farko da aka ambata ta ba da gaskiya a Filibi, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya, a gidanta kuma 'yan'uwa suka taru (Ayyukan Manzanni 16). Bilkisu tare da mijinta Akila suke sana'ar ɗinkin tanti. Luka 8:3 ta ce mata ne, irin su Yuwana da Suzana, suka riƙa ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga abin hannunsu.

Wadda ta zauna gida da yaranta ta yi aiki mai daraja, kada kowa ya rena ta. Ke ma haka. Abin da zan ce ki lura da shi kawai, makon da kike aikin dare, ku zauna da maigida tun kafin ya zo ku tsara wa zai duba aikin makarantar yara, wa zai yi addu'ar kwanciya da su. 'Yar'uwar nan kuma ki gaishe ta da fara'a ran taro, ba sai kin yi gardama da ita ba.

Tambaya: Mama, ina jin kunyar rubuta wannan. Mijina yana dukana. Da mari ne, yanzu ya kai ga shaƙe ni a gaban yara, kuma ina da ciki. Washegari yakan yi kuka ya ce Shaiɗan ne. A majami'a kowa na ganinsa mutumin kirki. Na gaya wa wata babba, ta ce in yi haƙuri in ƙara biyayya, ta karanta mini Afisawa 5:22, ta ce Allah yana ƙin kisan aure. Me nake yi da ba daidai ba?
*Ba suna*

Amsa: 'Yata, na karanta wasiƙarki da nauyin zuciya. Kunyar nan ba taki ba ce. Babu irin girki, ko irin magana, ko irin shiru da ya ba namiji izinin ɗora hannu a wuyan matarsa.

Ki ji ni da kyau: ranki yana cikin haɗari. Masu aiki da matan da ake duka sun san shaƙewa tana cikin manyan alamun cewa abin zai iya kaiwa ga kisa, kuma daga mari zuwa nan kin ga da idonki gaba yake yi. Ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, akasari daga hannun miji ko wanda take tare da shi. Da yawansu suna zaune a kujerun majami'u sun yi shiru.

An karanta miki aya 22 aka tsaya. Aya 21 da ke gabanta ta ce ku yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Ayoyi uku aka yi wa mata, daga 25 har zuwa 33 kuwa akasari da maza ake, an ce su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta, su kula da su kamar jikinsu. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji ko da tsananta wa matarsa. 1 Bitrus 3:7 ta ce wanda bai girmama matarsa ba, addu'arsa na iya tsayawa. Babin Malakai ɗin da aka ɗauko maganar kisan aure daga ciki, da maza yake faɗa: ya ce Ubangiji ya ƙi karɓar baikonsu domin shi ne shaida tsakaninsu da matan ƙuruciyarsu da suka ci wa amana. Mai karya alkawarin aure a gidanku shi ne mai dukan.

Kauce wa mai neman halaka ki ba rashin bangaskiya ba ne. Dawuda ya goce wa mashin Saul ya gudu da dare. An zura Bulus cikin kwando ta bangon Dimashƙu. Gafartawa kuma ba ta nufin ki koma ki tsaya inda hannunsa zai same ki. Kukan washegari ba shi ne tuba ba. Tuba ta gaskiya takan yarda a faɗi laifin a gaban mutane, ta karɓi horo da taimakon masana, ta kuma daɗe ana ganin 'ya'yanta kafin a ce a dawo.

Ga abin da nake roƙonki, a wannan makon. Ki je asibiti a duba ki da cikin, ki gaya wa likita ko ungozoma gaskiyar abin da ya faru, a rubuta. In kin ji wahalar haɗiya ko numfashi, ko muryarki ta canja, kada ki jira gobe. Ki gaya wa mutum biyu da kika amince da su, ɗaya daga danginki, ɗaya fasto ko matar fasto da kika san ba za su mai da ke da kalmar haƙuri kawai ba. In na farko bai saurare ki ba, ki nemi wani. Ki haɗa takardunki da na yara, katin asibiti, ɗan kuɗi da kayan sawa kaɗan, ki ajiye a gidan da za ki iya zuwa ko da tsakar dare. Kada ki sanar da shi ranar da za ki fita, domin lokacin fita ya fi kowane lokaci haɗari, kuma kada ki yarda a zaunar da ku sulhu ku biyu kaɗai a ɗaki. Duka laifi ne, kina da 'yancin kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin da ke kula da walwalar mata da yara a inda kike.

Ki sake rubuto mini ta hannun edita da zarar kin isa wurin da kike lafiya, ki sa hanyar da za a same ki wadda ba ta bi ta wayarsa ba.